Inuwar Gawo da Damina

Babanmu bai taɓa hana ni rubutu ba. Da ma hanawar ya yi, da na samu abin ba abokai labari. Shi dai kawai bai ɗauke shi aiki ba. A wurinsa, namiji ko dai yana gona, ko yana kasuwa, ko yana karantarwa. In ba ya ɗaya daga cikin ukun nan, to zaune yake. Ni kuwa zaune nake, ba zan yi musu ba, don ban taɓa ganin wanda ya rubuta littafi a tsaye ba.

Gidanmu na gado a Bukkuyum yake, kuma ɗakin da nake rubutu yana jikin zaure. Taga ɗaya ce tsakanina da inda Baba yake shimfiɗa buzunsa, saboda haka duk abin da aka faɗa a zauren a kunnena ake faɗarsa. In baƙo ya tambaye shi labarin 'ya'ya, sai ya shiga jero su: babban yana noma tare da shi, mai bi masa yana da shago a Gummi, na ukun yana tuƙa mota a hanyar Anka. In aka zo kaina sai ya yi gyaran murya ya ce, "Shi ko autan mazan shina nan gida." Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, na kuma gama littattafai huɗu da mutane suka karanta har suka yi faɗa a kansu, amma ina nan gida, ni da turmin Inna.

Kuma tunda zaune nake, kowane aike nawa ne. Ina tsakiyar shafi, jaruma ta buɗe baki za ta faɗi maganar da na yi kwana uku ina nema, sai in ji ta taga: "Kai, tunda zamne kake, tashi ka karɓo maganin feshi." Duk wanda ya zo da fom ɗin cikewa ko wasiƙar da yake so a rubuta masa, Baba nuna masa ƙofata yake yi ya ce ya shiga, ai ba abin da nake yi. Ina dariya in na ba da labarin, amma abin yana yi mini ciwo. Mutanen da ban taɓa gani ba suna yabona a waya, wanda na fi so ya ce sannu da aiki kuwa bai taɓa cewa ba.

Ga yadda zaman nawa yake. Da na dawo daga sallar asuba nake shimfiɗa tabarma, in jingina da bango, in ɗora littafin rubutu irin na 'yan firamare a cinya. Da biro nake fara komai, kuma shuɗi, don baƙi yana sa in ji kamar takardar kotu nake rubutawa. Daga asuba zuwa azahar kaina yake ja. Da na ci abincin rana, ko gaisuwa ba na iya tsarawa. Da yamma nake kwafe abin da na rubuta a waya da manyan yatsu biyu, in taka zuwa bakin tasha inda sabis ya fi ƙarfi, in tura wa masu karatu a guruf ɗinmu na waya. Sau biyu a mako nake sakin babi. Ba ni da kamfanin ɗab'i, ba ni da edita. Ni ne marubucin, ni ne mai gyara, ni ne mai talla, ni ne kuma mai ba da haƙuri in babi ya makara. Masu karatuna yawancinsu mata ne, kuma ba su san wani abu wai shi jira ba. Wata daga Gummi ta taɓa turo mini saƙo cewa in na kuskura na kashe wata tsohuwa da ke cikin labarin, ni da ita sai a lahira. Ban kashe tsohuwar ba, tana nan da ranta har shafin ƙarshe.

Maganar da nake sa wa mutanena a baki kuwa a mota nake samo ta. Ranar kasuwa, in hanya ta yi kyau, nakan shiga bas zuwa Gummi ko Anka ba don ina da abin saye ba, in zauna kujerar baya in yi kamar barci nake. Babu inda mutanenmu suke sakin baki kamar cikin motar da ta cika ta kuma ƙi tashi. A irin wannan zaman na ji wata dattijuwa, an matse ta da wani tsoho mai kaji, ta dubi kwandasta ta ce, "Ɗana, in ka ƙara mutum guda ga kujerar ga, sai dai ka ɗaura muna aure ni da shi." Na rubuta ta a bayan hannuna kafin in manta, na sa ta a littafina na uku, har yau ana turo mini ita kamar ni na ƙirƙira.

Sai dai akwai doka guda da na kafa wa kaina tun littafin farko: babu babin da zai fita sai Inna ta ji shi. Innarmu ba ta karanta boko, amma kunnenta ya fi na duk wanda na sani. Bayan la'asar takan zauna tsakar gida da faifai tana tsince wake ko tana ɓarar gyaɗa, ni kuma in jawo kujera 'yar tsuguno in fara karantawa. Ba bakinta nake kallo ba, hannunta nake kallo. In hannun ya tsaya cak a kan faifai, babin ya yi. In kuwa ina tsakiyar karatu ta ɗaga kai ta tambayi matata ko an ba awaki ruwa, to na san shafin nan ya mutu, sai in koma in sake shi. Ita ce take kama ni in na sa amarya ta yi wa uwar miji maganar da ba za ta taɓa yi ba, ko in na dafa miyar kuka da abin da ba a sa mata.

Littattafaina huɗu na farko duk na soyayya ne, na 'yan birni masu motoci da gidajen bene waɗanda ni kaina a waya kawai nake ganinsu. Na biyar ne na ce zan yi wa Baba, ko da yake ban gaya wa kowa haka ba. Labarin wani manomi ne da ƙanensa, mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona ɗaya. Ƙanen yana so a sayar ya samu jarin shiga haƙar zinari, yayan kuma ya ce sai dai bayan ransa. Na yi lissafin cewa in Baba ya ji ɗansa ya san darajar gona har ya rubuta ta, wataƙila ya ɗaga ni daga sahun turmi.

Hanyar da zai ji ɗin ma na tanade ta. Ina da aboki tela a Anka, Allah ya ba shi murya mai daɗi, in ya tashi daga keken ɗinki yakan karanta babin ya naɗa a waya. Wannan sautin shi ne yake yawo daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har ya isa wurin waɗanda ba sa karatu. A bakin masallacin unguwarmu akwai majalisar dattawa ƙarƙashin dogonyaro, ɗaya daga cikinsu yana da 'yar rediyo mai cin memori. Da suka ji an ce wannan karon labarin noma ne, sai suka fara sa shi bayan la'asar. Baba yana zama a majalisar. Yayana, babban namu mai noma, ya ce mini in an kunna sai Baba ya juya gefe ya kama jan carbi, kamar wanda aka sa wa waƙar 'yan mata.

Muna cikin damina sosai lokacin da na kai babi na tara, wanda nake ganin shi ne zuciyar littafin. A nan ne 'yan'uwan biyu za su ajiye hauya tsakiyar noman maimai, su zauna su faɗa wa juna gaskiya. Ina bukatar wurin da za su zauna, sai gawon gonarmu ta bayan gari ya faɗo mini a rai.

A nan dole in tona wa kaina asiri. Ni ɗan manomi ne da bai yi noma ba. Ina yaro fuka ta dame ni, da na shaƙi ƙurar huɗa ko ɗanyen haki sai numfashi ya sarƙe, saboda haka Inna ta tsaya kai da fata aka cire ni daga masu zuwa gona. Da fukar ta tafi, ni ban sanar da kowa ta tafi ba. Amma gawon nan na san shi, ko in ce na ɗauka na san shi. Da rani, in an kwashe amfani gona ta zama fili, can nake gudu da littattafan aro in kwanta a gindinsa. Ganyensa shar, inuwarsa luf, awaki da shanun Fulani suna zagaye suna tsintar 'ya'yansa da suka zubo. A gindin itacen nan na fara sha'awar in rubuta nawa labarin. Don haka da na zo rubuta shi, da zuciya ɗaya na rubuta. Na ba shi shafi guda cur. Na ce gero ya kai ƙugu, ƙasa tana tururin ruwan jiya, 'yan'uwan suka zauna a inuwar gawo mai duhu wadda ko ɗigon rana ba ya ratsa ganyenta. Na karanta wa kaina har sau uku ina jinjina wa kaina.

Ranar da na gama, Inna ba ta nan. Ta tafi Gummi suna, matar yayanmu mai shago ta haihu, kuma ta ce sai ta yi kwana huɗu. Masu karatu kuwa sun cika mini waya da "muna jira". Na ce a raina, babi ɗaya dai, me zai faru? Na karya dokata na tura. Telan Anka ya karanta shi a ranar da muryarsa mafi daɗi, har yana jan kalmar inuwa don mai sauraro ya ji sanyinta. Shi ma ɗan cikin gari ne, bai san gero ba sai a fura.

Kwana biyu ana yabo. Matan guruf suka ce sun yi kuka. A rana ta uku saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba, muryar dattijo ce, ya ce daga Gwashi yake. Ya yi sallama, ya gaishe ni da aiki da iyali cikin ladabi, sannan ya ce, "Malam marubuci, roƙo gare ni. Gawon ga naka mai ganye da damina, don Allah in ya yi ɗiya ka aiko muna da iri. Mu namu dut tsirara suke kwana har kaka." Ina jin wasu suna dariya a bayansa.

Ban gane ba. Na sake saurara, ban gane ba. Sai da yayana ya shigo da yamma, ya tsaya bakin ƙofata yana riƙe da ciki don dariya, sannan ya fayyace mini abin da kowane yaro mai kai abinci gona ya sani. Gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. Da ruwan farko ya sauka yake zubar da ganyensa kaf, ya tsaya ƙarau duk damina, sai an yi girbi komai ya bushe sannan shi ya yi kore. Ni da rani kawai na san shi, na ɗauko inuwar rani na dasa ta tsakiyar damina.

Yayana ya ce da rediyon ta kai wurin, sai wani a majalisar ya ce a mayar baya. Aka mayar, aka sake ji, sannan aka fashe. Wani abokin wasan Baba ya dafa shi ya ce, "Ashe gawon gonakka na daban na, shi ya sa ba ka gajiya da maimai." Na tambayi yayana me Baba ya yi. Ya ce ya naɗe carbinsa ya sa aljihu, ya tashi tun kafin magariba.

Wannan ne ya kashe mini jiki. Dariyar mutanen Gwashi ba ta dame ni ba, na ma ga ta dace da ni. Amma littafin da na yi don in faranta wa Baba, shi ne ya sa aka yi masa dariya a gaban sa'o'insa, kuma a kan abin da ya fi kowa sani. Na yi tunanin in goge babin in sa a sake naɗa, sai dai magana zarar bunu ce, ta riga ta shiga memori ɗari. Inna ta dawo washegari, tun ba ta ajiye ƙullin kayanta ba aka ba ta labari. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kwana huɗu kawai nit tahi, har ka sa gawo ya yi ganye. Da na yi sati da ka sa jaki ya yi ƙaho."

Kwana uku Baba bai aike ni ko'ina ba. Ina gaishe shi yana amsawa, shi ke nan. Ban taɓa zaton zan yi kewar a ce in tashi in karɓo maganin feshi ba, amma na yi. Na zauna gaban babi na goma, biro a hannu, ko layi ɗaya ya ƙi zuwa.

A rana ta huɗu da hantsi na ji muryarsa ta taga. "Aje biron ga, ka ɗauko hula ka raka ni."

Muka kama hanyar gonar bayan gari, shi a gaba da hauya a kafaɗa da gorar fura a hannu, ni a baya. Haka muka tafi har muka isa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gari ya washe, rana ta fito da irin zafin nan na damina mai haɗe da gumi. Gero ya kai ƙugu, daidai yadda na rubuta, wannan kam na ci. A tsakiyar gonar kuma ga gawona, fari fat, rassa da ƙaya kawai, ko ganye ɗaya na rantsuwa babu.

Baba ya kai ni har gindinsa, ya share ƙasa da ƙafa kamar mai gyara wa baƙo wuri, ya ce, "Zamna nan ka huta ga inuwa. Ni zan ɗan taɓa maimai." Fuskarsa ba alamar wasa. Ya juya ya shiga cikin geron.

Na zauna. Me zan ce? Inuwar da ke wurin 'yan siraran layuka ne na rassa a ƙasa, ko ƙadangare ba za su ishe shi ba. Rana ta sauko mini a ƙeya, gumi ya bi ta bayana, rigata ta manne. Can bakin iyaka ga wata kanya da inuwarta baƙi ƙirin, taku arba'in bai fi ba, amma na san in na tashi na koma can na faɗi jarrabawar. Na yi zamana. Da zaman ya yi tsawo sai idona ya fara aikin da ya saba yi a kujerar bayan mota. Na lura geron da ke kewaye da gawon ya fi na sauran gonar tsayi da kauri, korensa har ya yi duhu. Na tona ƙasar da yatsa na ga baƙa ce, ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin dabbobi sun haɗe da ita. Na zaro ɗan littafin da ba ya barin aljihuna na fara rubutawa, gumi yana ɗiga a kan takardar.

Ban san ya dawo ba sai da inuwarsa ta faɗo a kan shafin, kuma ita ce inuwar kirki ta farko da na samu a wurin. Ya ce, "Inuwa ta yi daɗi?"

Na ce, "Ta yi, Baba. Har barci ya fara ɗaukata."

Sai ya yi dariya. Babanmu ba mai yawan dariya ba ne, in ta zo masa kuwa har tari take sa shi. Ya dafa gawon yana yi, ni ma na kama, muka yi ta yi mu biyu a tsakiyar gona. Sannan ya ce in taso mu koma gindin kanya kafin in narke Inna ta ce shi ya kashe mata auta.

A can ya miƙo mini gorar fura, ya gaya mini abin da ya sa manomi ba ya sare gawo ko da ya sare komai. Da damina ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar taki ne. Da rani kuma dabbobi suna taruwa a gindinsa don inuwa da 'ya'yansa, su bar nasu takin su tafi. Ya ce wannan da nake gani kakansa ya tarar da shi. Ina rubutawa yana kallon hannuna, bai hana ni ba.

Da na ɗauka ya gama sai ya ce, "Kuma ba gawo kaɗai ba na. Can farko, ka sa mutumen ga ya shuka wake rana guda da gero. Wa ka gani ya yi haka? Sai gero ya tashi an yi mai noman fari. Sa'annan randa ƙanen ya zaka da maganar saida gona, ka sa yayan ya zage shi gaban mutane. Babba ba ya haka. Gida za ya kira shi."

Na tsaya da gorar a hannu. Maganar wake a babi na biyu take. Zagin kuma a na biyar. Mutumin da aka ce mini yana juya baya yana jan carbi, ashe babu abin da ya wuce shi tun daga farko. Na ɗaga gorar na kurɓi fura. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa daga yabon kowa ba, alhali kuwa ba yabona yake yi ba, kurakuraina yake jerowa.

Ya kalli geronsa, sannan ya tambaya a hankali, kamar wanda ba ya so a ji, "To gonar ga, za su saida ta?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Baba."

Ya juyo gaba ɗaya. "Kai ka rubutawa, kuma ba ka sani ba?"

Na ce masa haka nake yi kullum. Ina farawa da mutanen da damuwarsu, in bi su a baya kowace safiya, sai mun kusa ƙarshe nake ganin inda suka nufa. Ya jinjina kai ya ce, "Ashe binne kake yi." Binne shi ne shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe iri a koma gida a jira ikon Allah. Ya ce shi ma yana yi wasu shekarun, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asarar iri. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma dai kak ka bari su saida ta." Na ce ba zan yi alkawari ba. Ya harare ni, ya ce ɗan yau ke nan.

A farkon babi na goma na rubuta ban haƙuri, na faɗi kuskurena ƙarara, na gode wa dattijon Gwashi, na ce masa iri ya ƙare. Telan Anka ya karanta shi yana danne dariya. A rubutaccen littafin na tashi 'yan'uwan daga gindin gawo na mayar da su gindin kanya, bayanin gawon kuma na sa shi a bakin wani tsoho a babi na sha ɗaya, kalma da kalma yadda Baba ya faɗa. Yayana ya ce da aka zo wurin a majalisa, Baba bai juya baya ba, har ya ce a ƙara murya. Gonar dai ba a sayar ba a ƙarshe. Ina gaya wa kaina labarin ne ya kai kansa can, ba hararar da aka yi mini a gindin kanya ba. Sunan da 'yan majalisa suka laƙaba mini kuwa, mai inuwar gawo, har yau bai fita ba, 'yan acaba ma da shi suke kirana.

Tun daga nan ban sake sakin babi Inna ba ta ji ba, ko da kuwa matan guruf za su cinye ni ɗanye. Wani abu kuma ya ƙaru. Duk ranar da na jawo kujera zan karanta mata, sai ka ga Baba ya shigo tsakar gida da wata igiya da ke bukatar gyara, ko ƙotar hauya da ta yi sako-sako, ya zauna nesa kaɗan ya ba mu gefe. Bai taɓa cewa saurare ya zo yi ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba. In na yi daidai igiyarsa kawai yake tufka. In na kauce sai ya yi tari sau biyu, ni kuma in sa alama a gefen shafin in same shi a zaure daga baya.

Bayan girbin shekarar, wata safiya ina cikin littafi na shida, na ji sallama a zaure. Wani maƙwabcinmu ne, na gane muryarsa, ya zo da fom ɗin makarantar 'yarsa yana so a cike masa. Na riga na fara rufe biro, don na san abin da zai biyo baya. Ya gaisa da Baba, ya tambaya ko ina ciki.

Baba ya ce, "Shina ciki, amma shina aiki. Ka komo bayan azahar."

Mutumin ya ce ai abin ba zai ɗauki lokaci ba. Baba ya ce, "Na ce maka aiki yake."

Na ji takun mutumin ya fita. Na ji Baba ya gyara zama a kan buzunsa, carbi ya ci gaba da ƙara. Na buɗe biron na dubi shafin, sai na ga layukan suna rawa, na sa hannun riga na goge idona. Ranar ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Amma ban motsa daga kan tabarmar ba, ban yi tari ba, ban leƙa waje ba, na zauna da biro a hannu har aka kira azahar, don kada in mayar da Babanmu maƙaryaci.